Ɗan Maƙwabci Ɗan Ƙwaya Ne, Namu Kuwa Iska Ce

Mu mutanen cikin birnin Zariya Allah ya yi mana baiwar gane ciwo tun daga nesa, muddin dai ba a gidanmu ya sauka ba. Yaro ya gifta ta gaban majalisa yana tangaɗi, ido ja, leɓe a bushe, kafin ya sha kwanar lungu mun gama yi masa awo, mun faɗi abin da ya sha, da kemis ɗin da ya saya, da wanda ya koya masa, har mun tono kakansa na wajen uwa da aka ce shi ma a zamaninsa ba ya jin magana. Amma ranar da irin wannan tafiyar ta shigo ta zaurenmu, sai harshe ya sauya: ai iska ce ta taɓa shi, ai sammu aka yi masa don an ga yana da ƙoƙari a makaranta, ai kishiyar uwarsa ce ba ta son a ce shi ne ya fi. Daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, daga Kwarbai zuwa Limancin Kona, hukuncin ɗaya ne, na maƙwabci iskanci, namu jarrabawa. Laifi tudu ne, kuma mu da muka saba hawan ganuwa tun muna yara mun ƙware wajen taka namu mu hango na wani.

Ku tuna shewar da muka yi wa abokan wasanmu Kanawa a 2017, da aka tashi a Majalisar Dattawa aka ce ana shanye kwalaben kodin sama da miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa, sannan a ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta fito da bincikenta a kan maganin tarin nan, ranar 1 ga Mayu gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi. Duk Bakanon da tsautsayi ya kawo shi sayen babbar riga a watannin nan ya sha tsiya har ya gode Allah. Muna tsokanarsu, alhali in aka zo yashe kwatar lungunmu, ko yara suka shiga kangon nan da magada suka kasa rabawa, kwalaben da ake tsintowa ba daga Kano iska ta kwaso su ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ce mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ne suka yi ta'ammali da kayan maye cikin shekara guda a Najeriya, ɗaya cikin kowane huɗu mace ce, kuma kimanin miliyan 3 daga cikinsu a nan Arewa maso Yamma suke. Kowa ya san ba duka ne suka tare a bakin kasuwar Kurmi ta Kano ba, muna da kasonmu.

Sai kuma al'adarmu ta raba ƙofa biyu. Mun yanke cewa shaye-shaye rashin tarbiyya ne, don haka maganinsa dorina da 'yan sintiri da ofishin NDLEA, taɓin hankali kuwa aikin aljanu ne, don haka maganinsa rubutu da hayaƙi da ruƙiyya. In yaro ya shigo a buge sai a kira kawunsa mai zafin hannu, in ya kwana yana surutai shi kaɗai sai a kira malam, kuma ba mu cika tsayawa mu lura cewa yaron da aka zane ranar Talata shi ne dai aka tofa wa addu'a ranar Alhamis ba. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe suna faɗa cewa abubuwan nan biyu sau da yawa tare suke tafiya a jikin matashi guda: wani damuwa ce ta fara cinsa ya nemi abin da zai kwantar da ita, wani ƙwayar ce ta fara ta birkita masa tunani, kuma da zarar sun haɗu kowanne na ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. Duk wanda ya taɓa zama kusa da masu ɗinkin hannu a zaurukan garin nan ya san in zare biyu suka sarƙe ba a fizgar ɗaya a ƙyale ɗaya, ƙullin ƙara tamkewa yake yi, tare ake warware su da haƙuri. Mu kuwa fizga muke yi, kawu ya ja nan, malam ya ja can, sannan mu yi mamakin yadda abin ya ƙi saki.

Kuma mu ne masu cewa yaro ba ya damuwa. "Damuwar me? Haya yake biya ko cefane?" Wannan maganar kowannenmu ya ji ta, da yawanmu mun faɗe ta. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa cewa ta yi ɗaya cikin kowane bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsala ta ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan matsaloli suna farawa ne kafin mutum ya wuce shekara 14. Mu dai muna da sunan da muka raɗa wa kowace alama don mu huta da ita. Yarinyar da ke kuka ba dalili, shagwaɓa ce. Yaron da ya daina shiga mutane ya koma ƙuryar ɗaki, ai natsuwa ce ta zo masa, har a yi ta kafa misali da shi ga ƙannensa. Wanda ba ya iya zama wuri ɗaya a aji, ƙiriniya ce, a ƙara masa bulala. Wanda ba ya barci sai an yi kiran assalatu, waya ce, a ƙwace. Wanda gabansa ke faɗuwa yana gumi in an ce ya yi magana cikin mutane, ragon namiji ne. Haka za mu yi ta raɗin suna shekara biyu, shekara uku, sai ranar da aka tsinci ƙwaya a aljihun wandonsa wajen wanki sannan gida ya ɗauki salati, a ce yau abu ya samu, alhali abu ya daɗe da samuwa.

To me yaran nan suke ɗauke da shi? Waɗanda suke 'yan ƙanana lokacin tashin hankalin da aka yi a garin nan a Disambar 2015 sun ji ƙarar harbi, wasu sun ga abin da babba ma ba ya son tunawa. A 2021 'yan bindiga sun shiga Kwalejin Nuhu Bamalli sun kwashi ɗalibai da malamai, iyaye suka shiga kwana da ido ɗaya, yara na kallonsu. A watan Agustan 2023 wani sashe na babban masallacin Juma'a na ƙofar fada ya rufta kan masallata, matasan unguwa na cikin waɗanda suka tono mutane da hannunsu. Mun yi ta'aziyya, mun yi jaje, mun ce Allah ya kiyaye gaba, amma su nawa aka kira gefe aka tambaya ko suna iya barci? Bar ma waɗannan manya, ga na cikin gida: agolan da ya san a kwanon wani yake ci, marayan da ake yi wa gori da kuɗin makaranta, yaron da aka saki uwarsa yana aji uku ba wanda ya yi masa bayani, almajirin da rabonsa da ganin gida tun yana ɗan shekara bakwai, da wanda ya gama sakandare ya rubuta JAMB ya sake rubutawa, ga harabar jami'a ta Samaru ga ta Kongo yana wucewa ta ƙofarsu kullum amma ba gurbinsa. Muna alfahari da cewa Zariya birnin ilmi ce, kuma gaskiya ne, sai dai zama cikin birnin ilmi ba makaranta ba sana'a wani irin ciwo ne da ba ma lissafawa.

Ga kuma alkunya, wadda muka ɗauke ta ado. Uba ba ya hira da ɗansa, in ɗan fari ne ko sunansa ba a faɗa, tsakaninsu sai "Baba, ina kwana" da "Tashi ka je aike." Uwa tana so ta tambaya amma tana tsoron amsar. Sai ya zamana mutum na farko da ya taɓa dafa kafaɗar yaron ya ce "Abokina, wai me ke damunka ne?" shi ne wanda ke zaune a kango da rabin ƙwaya a tafin hannu. Daga baya mu ce abokai ne suka lalata shi, kuma kowace uwa a lungun ta rantse ɗan ɗayar ne mugun abokin. Gaskiya ne zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, amma magabata da suka faɗi haka su ne kuma suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kada kuma mu yi kamar daga sama kayan nan suke faɗowa, da hannunmu a ciki dumu-dumu. Mu ne muka mai da mai kemis likitan unguwa, ba takarda ba awo, sai dai "Haɗa mini na gajiya," kuma ɗan shekara tara muke aika ya karɓo, ya tashi ya san cewa duk abin da ya dami mutum akwai ƙwayarsa a bayan kanta. Mu ne muke kai ɗinki saura kwana uku Sallah mu ce lallai sai an gama, mun kuma san yaran shagon kwana uku za su yi ba runtsawa, ba ma tambayar me ke riƙe da idonsu. Mu ne muke yaba wa ɗan ƙwadagon da ya yi noman mutum biyu shi kaɗai, mu ƙara masa kuɗi, mu ce yaron nan akwai ƙarfi. Mu ne muke hawa bayan ɗan acaɓan da muka ga idonsa ya juye, don shi ne mai sauri. In kakar zaɓe ta zo, mun san motar da ke tsayawa a bakin lungu da abin da ake sauke wa samari kafin a tafi taro, mun san mai motar, gobe kuma mu ne a layin gaba wajen "Ranka ya daɗe." A gidan biki kuwa, ɗakin ƙawayen amarya da aka turo ƙofa, da robar lemon da ke zagayawa hannu zuwa hannu, gwaggo ta leƙa ta gani ta ja labule ta ce yara ne suke sha'aninsu, domin a lissafinmu 'ya mace ba ta shaye-shaye, sai dai a ce ba ta jin daɗi.

Tiramol ɗin da asibiti ya sani mai lamba 50 ne ko 100, don ciwo mai tsanani, a hannun likita. Wanda ke yawo a aljihun samari kuwa 200 ne da 225, kuma in ya yi yawa a jiki yana kayar da mutum yana jijjiga yana kumfar baki, mu kuma mu taru a kansa mu ce aljanu sun tashi, a kawo tazargade. Wiwi da muke ce wa ganye ne kawai, bincike ya tabbatar cewa wanda ya fara ta da ƙuruciya yana kuma sha da yawa ya fi shiga haɗarin jin muryoyin da ba kowa ke ji ba da zargin cewa ana binsa, domin ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama nuna sai wajen shekara 25. Sholisho da madarar sukudai ƙwaƙwalwar kai tsaye suke ci. Rochi da dangoginsa masu sa barci, wanda jikinsa ya saba da su in aka yanke masa rana ɗaya yana iya faɗuwa da jijjiga, shi ya sa kulle yaro a ɗaki a ce sai ta fita daga jikinsa ba ƙaramin ganganci ba ne. Abin da zai fi ba ka mamaki shi ne Exol, wanda asalinsa likitoci ke bai wa masu shan maganin taɓin hankali don rage musu sandarewar jiki da karkarwa. Muna gudun asibitin ƙwaƙwalwa, ga maganin asibitin a aljihun 'ya'yanmu ba tare da likitan ba.

In abin ya fi ƙarfin dorina da hayaƙi, sai mu tuna da gidan mari. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, yara da manya, wasu da sarƙa a ƙafa, a watan Oktoba aka buɗe wasu a Daura da Katsina, a nan Zariya ma aka fito da mutum 11. Muka riƙe baki, muka yi Allah wadai, kamar ba mu ne muka ɗauki yaran a mota da dare muka kai su ba, muka biya kuɗin wata, muka ce "Allah gafarta Malam, ga shi nan, sai ya shiryu." Ba ƙiyayya ta sa muka yi haka ba, gajiya ce da rashin sanin wata ƙofar, uwar da ta sayar da ɗan kunnenta ta biya kuɗin mari so take ɗanta ya dawo mutum. Amma sarƙa ƙafa take riƙewa, ba ta kai wa ga abin da ke hana yaro barci, sai ya fito da tsohuwar damuwarsa ga sabon tabo, ya koma wa ƙwayar da ƙishin da ya fi na da. A watan Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma ɗauki mai wannan lalura a matsayin majinyaci mai haƙƙi. Doka ta sauya, saura mu.

Dubi yadda muke da asibiti. In sukari ne ko hawan jini, da alfahari ake cewa "Gobe ina da ganin likita a Shika," har maƙwabta su ba da saƙon gaisuwa. Amma a asibitin koyarwar nan na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika akwai sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna inda ake kula da masu shaye-shaye, mu kuwa mun mai da sunan Barnawa abin zagi, in yara na faɗa sai ka ji "Kai sai Barnawa." In dole ta kama mu, da duku-duku za a fita, a ce wa maƙwabta an tafi duba wata gwaggo, don kada a ce gidan akwai taɓi 'yan matan gidan su rasa masu zuwa zance. In an je gaban likita kuma sai a ba shi rabin labari: "Likita, zazzaɓi ne ya hau masa kai," a ɓoye kwalba a ɓoye ƙwaya, ko kuma a faɗi ƙwayar a ɓoye cewa tun kafin ita yaron ya sha cewa shi ya gaji da duniya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, kuma likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan 'yan ɗaruruwa ne kacal ga mutum sama da miliyan 200, in Allah ya haɗa ka da ɗaya kada ka ɓata zaman da rufa-rufa. Ita ma gwamnatin jiha, hukumar da ta kafa don shaye-shaye, KADBUSA, daga baya an faɗaɗa aikinta ya haɗa da lafiyar ƙwaƙwalwa, alamar can ma an gane ba a raba su.

In yaro ya samu sauƙi ya dawo, nan ma muna da namu salon. Mako biyu da ganin ya natsu sai a ce ya bar maganin asibitin nan haka, kada ya saba, ga shi yana sa shi ƙiba. Sunan da aka laƙaba masa lokacin yana buguwa kuwa ya zauna daram, ko ya shekara biyar bai taɓa komai ba. In abu ya ɓace a gida shi ake fara kallo. Mai shago ba zai ɗauke shi ba, in ya nemi aure a ce a bincika, masu binciken kuma mu ne. Muka toshe masa kowace ƙofa, muka bar masa ta kango a buɗe, in ya koma mu ce dama mun faɗa. Alhali komawa bayan an daina wani ɓangare ne na wannan ciwon, ana sake tashi a ci gaba da magani, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Duk da haka ba mutanen banza ba ne mu, kuma abin da ake bukata muna da shi tun kaka da kakanni. Garin da in aka yi rasuwa kafin azahar an haɗa likkafani da abincin baƙi ba tare da an roƙi kowa ba, garin da mata ke fitar da anko kala uku a biki ɗaya ta hanyar adashi, ba zai gaza haɗa kuɗin mota zuwa Shika da kuɗin maganin wata ga marayan lungu ba. Muna da masu unguwa da suka san kowane gida, muna da limamai da ake jin maganarsu, muna da malaman zaure da suka karantar da mu cewa neman magani ba ya karo da tawakkali, don haka malam ya yi addu'arsa likita ya yi aikinsa, ba kishiyoyi ba ne. In alkunya ta hana uba magana, ai don irin wannan ranar aka yi kawu da baffa da gwaggo da yaya, wani ya ja yaron gefe, ba a gaban ƙannensa ba, ya ce "Zo nan ɗana, ba duka zan yi ba, faɗa mini abin da ke cin ranka," sannan ya yi shiru ya saurara ko da abin da zai ji ba mai daɗi ba ne. In yaro ya ce gara ya mutu ya huta, kada a tsaya ga "A'uzubillahi, bar faɗa," a zauna tare da shi, a kai shi asibiti a ranar. Mai kemis ɗin da muka san yana sayar wa yara, ɗan'uwanmu ne, sahu ɗaya muke sallah, a same shi a gaya masa gaskiya, in ya ƙi a kai maganar gaba. Mai shagon ɗinki da kafinta da makaniki kowa ya ɗauki yaro ɗaya daga cikin waɗanda suka dawo daga magani, ya riƙe shi da sunansa na yanka.

Kullum bayan sallah muna ɗaga hannu mu ce Allah ya shirya mana zuri'a, kuma addu'a ce mai kyau, kada mu fasa. Sai dai mun gaji karin maganar da ke cewa ɗa na kowa ne, to a cikin zuri'ar da muke roƙa wa shiriya mu sa da ɗan gidan da ke jikin namu, mu kuma yarda cewa wani lokaci amsar addu'ar ita ce mu tashi mu raka shi asibiti da rana tsaka, ta babbar hanya, kowa na gani.